Zaren da ke Tsakanin Aiki da Takardarsa

Wata ranar Litinin da hantsi, shugabar sashenmu ta tsaya a bakin teburina riƙe da wasiƙar masu binciken kuɗi, ta ce, "Injiniya, mutanen nan suna son sanin dalilin da ya sa muka sauya tsarin biyan 'yan kwangila bara, da kuma wanda ya ba da izini. Ka nemo mini kafin azahar." Na ce, "To, Hajiya, yanzu kuwa," domin a zatona aikin minti goma ne. Na buɗe Jira, manhajar da muke bin sawun ayyuka da ita, na sami tikitin aikin, wato katin da manhajar ke buɗe wa kowane aiki, ba tare da wata wahala ba: ga lambarsa, ga sunan wanda ya yi shi, ga ranar da aka rufe shi, ga kuma kalma biyu a ƙasa, "an gama". Abin da babu shi ne dalili. Dalilin yana cikin Confluence, inda muke ajiye bayanan taruka da takardun tsare-tsare, a wani shafi guda cikin ɗaruruwan shafuka, kuma mu da muka yi aikin ba mu ɗaure tikitin da shafin ba. Wanda ya jagoranci sauyin ya riga ya tafi ƙaro karatu. Sai bayan la'asar na gano shafin, shi ma don wata abokiyar aikinmu ta tuna cewa an yi taron ne a makon da aka dawo daga hutun babbar salla.

Tun daga ranar nake riƙe da ra'ayin da zan kare a nan. Alaƙar da ke tsakanin aiki da takardar da ta bayyana dalilinsa dukiya ce ta ma'aikata, daidai da aikin da takardar su kansu, kuma duk ma'aikatar da ba za ta iya fitar da wannan alaƙa daga cikin manhajojinta a tsarin da kwamfuta za ta karanta ba, to ba ita ce ke riƙe da tarihinta ba. Maganar ta shafi ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma, amma ta fi nauyi a kan hukumomin da ke kashe kuɗin jama'a, domin su ne ake binsu bashin bayani.

Hanyar da ake bi a fitar da irin wannan alaƙa ita ce abin da masu sana'armu ke kira API, wanda ni nake kiransa ƙofar manhaja. Kowace babbar manhaja tana da fuska biyu. Akwai wadda mutum ke gani a allo yana dannawa, akwai kuma ƙofar da aka tanada domin wata manhajar ta zo ta yi tambaya. Kamar tagar magatakarda take: ka nuna shaidar ko kai wane ne, ka miƙa buƙatarka bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa, a miƙo maka amsa a rubuce cikin tsari guda da ba ya sauyawa. Yawancin waɗannan ƙofofi a yau suna bin salon da ake kira REST, wanda Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000, amsar kuma takan zo a tsarin rubutu na JSON. Amfaninta shi ne, tambayar da mutum zai kwashe wata guda yana yi da hannu, shafi bayan shafi, ɗan gajeren shirin kwamfuta zai yi ta a dare ɗaya.

Na zauna na rubuta irin wannan shiri a makon da abin ya faru. Tambayar da nake son ya amsa ba ta da sarƙaƙiya: wane tikiti ne yake da shafin da ya bayyana shi, wane ne kuma ba shi da shi? Jira da Confluence kayan gida ɗaya ne. Kamfanin Atlassian na birnin Sidni a Ostireliya ne ya fitar da ta farko a 2002, ta biyu kuma a 2004, saboda haka an gina su da niyyar su san juna. Idan mutum ya saka tikiti a cikin shafi ta hanyar da aka tanada, Confluence kan sanar da Jira, sai tikitin ya riƙa nuna cewa an ambace shi a shafi kaza. Wannan bayani ana samunsa ta ƙofar manhaja, sai dai tikiti ɗaya bayan ɗaya ake tambaya. Da farko ka nemi jerin tikitoci da harshen tambaya na JQL, a ba ka su kashi-kashi, sannan ka koma wa kowanne ka ce ya faɗi mahaɗansa na waje, wato adireshin da ake dannawa a je wani shafi. Idan ka cika gaggawa, sai a mayar maka da lamba 429, ma'ana ka yawaita tambaya, ka dakata tukuna. Daga nan ka juya ta ɗaya ɓangaren, ka tambayi Confluence da nata harshen na CQL, ka karɓo cikin kowane shafi a ɗanyensa, ka tsefe shi kana neman lambobin tikiti.

Me ya sa sai an bi ta ɓangarori biyu? Saboda mahaɗin intanet hanya ce mai zuwa ba dawowa. Shafin da ya nuna wani ya san inda ya nuna, amma wanda aka nuna bai san an nuna shi ba, sai fa idan wani ya ɗauki nauyin sanar da shi. Abin da ke ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne, lokacin da Tim Berners-Lee ya rubuta wa shugabanninsa a cibiyar bincike ta CERN shawarar da ta haifi shafukan intanet, a watan Maris na 1989, damuwarsa ita ce irin tawa ta ranar Litinin ɗin nan. Mutane suna zuwa cibiyar su yi kimanin shekara biyu su tafi, bayanai suna ɓacewa tare da su, ana rasa wanda zai faɗi wa ya rubuta wannan, ko wace takarda ce ta yi bayanin wancan. Mahaɗin da ya bayar mai sauƙi ne, kowa na iya nuna kowane shafi ba tare da neman izini ba, kuma wannan sauƙin na cikin abin da ya sa tsarin ya game duniya. Kuɗin da muka biya shi ne, hanyar dawowa kowace manhaja ita ke gina tata, in ta ga dama, a yadda ta ga dama.

Da gari ya waye na buɗe abin da shirin ya tara, kuma a nan ne na koyi abin da ban zata ba. Mahaɗan da aka yi bisa ƙa'ida sun fito tsaf, babu gardama a kansu. Amma mafi yawan alaƙar ba ta nan take ba. Mutane sun riƙa rubuta lambar tikiti da hannu a tsakiyar jimla, kamar yadda mutum zai ambaci sunan maƙwabcinsa, kuma manhajar ba ta ɗauki wannan a matsayin mahaɗi ba. Sai na umarci shirin ya kamo duk inda ya ga manyan haruffa, da ɗan karan tsakiya, da lamba, tunda haka lambar tikitin Jira take. Nan take ya cika mini jeri da COVID-19 da UTF-8 da ISO-9001, domin su ma siffarsu ke nan. Na tace su ta hanyar kwatanta haruffan farko da sunayen ayyukanmu na gaskiya. Bayan wannan sai ga wasu shafuka da ba tikiti guda suka nuna ba, tambaya aka dasa a cikinsu, misali "duk ayyukan sashen kuɗi da ba a rufe ba", kuma jerin da suke nunawa kullum sauyawa yake, ta yadda ba za ka iya cewa ga abin da mahalarta taro suka gani a ranar da suka yanke shawara ba. Akwai kuma tikitocin da aka maƙala wa hoton allo na wata takarda maimakon adireshinta. Idon mutum zai karanta hoton ya gane, shirin kuwa bai ga komai ba.

Abu ɗaya ya fi sauran tayar mini da hankali. Ƙofar manhaja ba ta nuna wa shiri sai abin da mai makullin, wato shaidar da aka shiga da ita, yake da izinin gani. Wannan daidai ne, kuma haka ya kamata. Sai dai sakamakonsa shi ne, da na gudanar da shirin da makullina ya ce wasu tikitoci marayu ne, ba su da shafi, da aka gudanar da shi da makullin mai kula da tsarin gaba ɗaya sai ga shafukansu sun bayyana a wani sashe da aka killace. Rahoton da ya ce "babu takarda" yana iya nufin babu ita, yana iya kuma nufin an hana ka gani, kuma duk wanda zai miƙa wa mai bincike irin wannan rahoto wajibi ne ya faɗi da makullin wa aka yi tambayar.

Daga nan na gane iyakar fasahar. Ƙofar manhaja tana nemo zaren da mutane suka ɗaura, ba ta ɗaura wanda ba su ɗaura ba. Amfaninta na gaske ba a cikin mahaɗan da ta samo yake ba, a cikin giɓin da ta tona yake: ga aikin da aka rufe ba takarda, ga takardar da ta yi alkawarin aikin da ba a taɓa buɗe masa tikiti ba. Irin wannan giɓi ido ba ya ganinsa, domin mutum ba ya lura da abin da babu shi sai ranar da ya buƙace shi.

Wanda ke ganin wannan damuwa ce ta masu son tsari kawai, ya dubi abin da ya faru ranar 5 ga Janairun 2024. Jirgin kamfanin Alaska Airlines ƙirar Boeing 737 MAX 9 ya tashi daga birnin Fotland na jihar Oregon a Amurka, yana kusan ƙafa dubu 15 a sama sai murfin da ke toshe gurbin wata ƙofa a jikinsa ya fice. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa ƙusoshi huɗu da ke hana murfin motsi ba sa nan tun daga masana'anta. A watan Satumbar 2023 an buɗe murfin a masana'antar Boeing da ke Renton domin a gyara wasu ƙananan ƙusoshin jikin jirgin da suka lalace. Maganar gyaran tana cikin manhajar da ma'aikata ke bin sawun matsalolin yau da kullum da ita, amma takardar hukuma da ƙa'ida ta ce a buɗe duk lokacin da aka cire wani sashe, wadda ita ce za ta tilasta a sake duba murfin bayan an mayar da shi, ba a buɗe ta ba. Ba ina cewa ɗan gajeren shiri zai hana wannan haɗari ba, domin hukumar ta ɗora laifin a kan ƙarancin horo da jagoranci da sa ido. Abin da nake cewa shi ne siffar kuskuren ita ce siffar da nake magana a kai. Aikin yana rubuce a wuri ɗaya, takardar da ke ba shi inganci ya kamata ta kasance a wani wurin, kuma ba a sami abin da ya tsaya a tsakani ya ce wannan yana nan, ina ɗan'uwansa ba.

Akwai amsar da na sha ji daga abokan sana'a, kuma ba ta wofi ba ce. Sukan ce, ka sayi komai daga kamfani ɗaya ka huta, shi zai haɗa maka su. Gaskiya ne haɗin kayan gida ɗaya ya fi santsi, kuma na nuna haka a sama. GitHub ma, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, wanda Microsoft ya saya a 2018, ya ƙware a nan: ka rubuta alamar # da lambar matsala a cikin sharhin wata matsalar, nan take ya ɗaure su ta ɓangarori biyu. Amma ma'aikata nawa ne duk kayansu na gida ɗaya ne? Ayyuka suna Jira ko Trello ko Asana, takardu suna Google Docs ko SharePoint ko Notion, yarjejeniyar kuma tana cikin imel, izinin ƙarshe an ba da shi ne a WhatsApp. Ko da ma an tattara komai wuri ɗaya, sai wata tambayar ta taso: zaren a hannun wa yake?

Zanen aro ba ya rufe katara. Ranar 5 ga Afrilun 2022, wani shirin share bayanai na cikin gida a Atlassian ya goge ma'ajiyar abokan ciniki 775, wasunsu kuma sai da suka yi kusan mako biyu kafin a dawo musu da ita. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa an ba shirin lambobin ma'ajiyoyi ne a maimakon lambobin wata ƙaramar manhaja da ake son cirewa, ƙofar da ya yi amfani da ita kuma tana karɓar nau'in lambobin biyu ba tare da ta tantance ba. An dawo da bayanan, kuma kamfanin ya cancanci yabo da ya fito ya faɗi yadda abin ya faru dalla-dalla. Amma a cikin kwanakin nan, duk ma'aikatar da ba ta da kwafin tarihinta a hannunta ta zauna ne a duhu. Sannan ranar 15 ga Fabrairun 2024 kamfanin ya daina tallafa wa nau'in manhajojinsa na Server, wanda ƙananan ma'aikatu da yawa ke girkawa a kan kwamfutocinsu, ya zama dole su yi ƙaura. A lokacin ƙaura tikitoci sukan isa lafiya, shafuka ma haka. Abin da ya fi saurin tsinkewa a hanya shi ne zaren, domin mahaɗi adireshi ne, adireshi kuma na tsohon gida ne. Ita kanta ƙofar ba gado ba ce. A 2023 Twitter da Reddit sun sanya kuɗi mai yawa a kan ƙofofinsu, manhajoji da dama da aka gina a kansu suka rufe.

Misalin da nake so a yi koyi da shi na masu kula da harshen kwamfuta na Python ne. A watan Afrilun 2022 sun kwashe dubban rahotannin matsaloli na shekaru masu yawa daga tsohuwar ma'ajiyarsu zuwa GitHub. Lambobin sun sauya, amma sun ajiye taswirar da ta haɗa kowace tsohuwar lamba da sabuwarta, suka kuma bar tsohon wurin a buɗe domin karatu, ta yadda wanda ya ci karo da tsohuwar lamba a cikin wani bayani na shekarun baya zai iya bin ta har inda maganar take a yau. Sun ɗauki alaƙar a matsayin kayan da ake ƙaura da shi. Wannan shi ne abin da ƙofar manhaja ke ba kowace ma'aikata dama ta yi tun kafin ranar ƙaura ta zo: ta riƙa fitar da jeri mai sauƙi, wannan tikiti da wannan shafi, an haɗa su ranar kaza, wane ne ya haɗa, ta ajiye shi a wurin da yake nata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu kuma yanzu suna cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su karanta komai su gano wace takarda ce ta dace da wane aiki. Za su taimaka wajen kawo shawara, musamman a kan tsofaffin tikitoci marayu, kuma ina maraba da hakan. Amma hasashe daban, shaida daban. Mai binciken kuɗi ba ya tambayar wace takarda ce ta yi kama da dalilin aikin, yana tambayar wace takarda ce aka dogara da ita, kuma wannan sai wanda ya yi aikin ne zai iya tabbatarwa.

Inda maganar ta fi ci mini rai shi ne ayyukan gwamnati. Rijiyar burtsatse ko ajin makaranta da aka sa a kasafin kuɗi tikiti ne, ba shi da bambanci da wanda na buɗe ranar Litinin. Yana da takardunsa: sanarwar neman 'yan kwangila, takardar ba da kwangila, yarjejeniya, shaidar kammalawa, takardar biya. Kowacce tana ofis daban, sau da yawa a manhaja daban. Duniya ta riga ta samar da maganin wannan a ƙa'idar bayyana kwangiloli ta OCDS da aka ƙaddamar a 2014, kuma zuciyar ƙa'idar abu ɗaya ne mai sauƙi: lamba guda da ba ta sauyawa, wadda ke bin kwangila tun daga tsarawa, zuwa gasa, zuwa bayarwa, zuwa sa hannu, zuwa aiwatarwa. Yukiren ta gina tsarinta na ProZorro a kan wannan, ta wajabta shi a 2016, ta kuma bar ƙofar manhajarsa a buɗe, har ƙungiyoyin sa ido suka gina nasu kayan binciken a kai.

A Najeriya ma tubalan suna nan. Akwai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata. Ƙasar ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP a 2016, hukumar kula da sayen kayan gwamnati ta BPP tana da dandalin bayyana kwangiloli na NOCOPO, an kuma buɗe dandalin bayyana kuɗaɗen da baitulmali ke biya a watan Disambar 2019. Ayyukan kasafin tarayya suna ɗauke da lambobin da ke farawa da ERGP. Masu bin sawun ayyuka irin su Tracka na ƙungiyar BudgIT suna shiga ƙauyuka suna duba abin da aka yi da wanda ba a yi ba, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma ta fara nata bin sawun ayyukan mazaɓu a 2019. Amma duk inda lambar aikin ba ta bi shi daga wannan dandali zuwa wancan ba, mai bincike zai koma yin irin tacewar da na yi wa jerin tikitocinmu, wato kwatanta sunaye, shi kuma da ido, yana tunanin ko "gina rijiya a ƙaramar hukuma kaza" na cikin kasafi shi ne "samar da ruwan sha" na cikin takardar biya. Wanda ke son ɓoye abu ba ya buƙatar ƙona takarda. Ya isa ya bar kowacce a ɗakinta ba tare da lambar 'yar'uwarta ba.

Saboda haka abin da nake nema daga duk hukumar da za ta sayi manhajar bin sawun ayyuka ko ta ajiye takardu da kuɗin jama'a shi ne ta rubuta sharaɗi a cikin yarjejeniyar sayen, cewa dole manhajar ta kasance da ƙofar da aka yi wa bayani a rubuce, wadda za ta fitar da ayyuka da takardu har da alaƙar da ke tsakaninsu, ba tare da ƙarin kuɗi a ranar rabuwa ba. Tarayyar Turai ta riga ta kama wannan hanya da dokarta ta bayanai da ta fara aiki a watan Satumbar 2025, wadda ta tilasta wa masu ba da hayar ma'ajiya su sauƙaƙa wa abokin ciniki komawa wani wurin. Ina kuma nema lambar aikin ta bayyana a kan kowace takarda da ta shafe shi, har da allon da ake kafawa a bakin aikin, domin mai unguwa da malamin makaranta su iya karanta ta su nemi sauran bayanin da wayarsu.

Na san akwai tsoro na gaskiya a nan, kuma ba zan raina shi ba. Makullin da ke iya karanta dukkan tikitoci da dukkan shafuka abu ne mai haɗari idan ya faɗa hannun da bai dace ba, kuma ko jerin alaƙa kaɗai yana iya tona asiri, domin taken shafi kan faɗi abin da ke cikinsa. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyi a kan wannan. Maganin shi ne makulli na karatu kawai, mai wa'adi, wanda ba a rubuta shi a cikin shirin ba, da kuma jerin da ke ɗauke da lambobin shafuka a maimakon takensu, wanda ma ya fi dorewa tunda take yana sauyawa lamba kuwa ba ta sauyawa. Wannan aikin kwana biyu ne ga wanda ya san sana'arsa, kuma bai kai nauyin da za a ce saboda shi a bar ma'aikata cikin rashin sanin tarihinta ba.

A ofishinmu, da na kai wa Hajiya jerin tikitocin da ba su da takarda, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Injiniya, daga yau kada a sake rufe aiki sai an sa masa shafinsa, ko da layi uku ne." Muka mayar da shi ƙa'ida a cikin manhajar, ta yadda tikiti ba ya karɓar "an gama" sai an cike gurbin takarda. An yi gunaguni a makonnin farko, wasu ma suka riƙa saka shafin farko na sashe don su wuce, sai muka sa shirin ya riƙa nuna duk shafin da tikitoci suka yi masa yawa. Yanzu yana gudana duk daren Alhamis, da safiyar Juma'a jerin yana jiranmu, kwafinsa kuma yana kan kwamfutarmu. Tsofaffin tikitocin muna bin su biyu-biyu kowane mako, muna kiran waɗanda suka bar aiki a waya idan ta kama. Waɗanda aka rasa mai tuna dalilinsu, Hajiya ta ce a buɗe musu shafi duk da haka, a rubuta cewa an nema ba a samu ba, a sa kwanan wata da sunan wanda ya nema.